Takardar Bindigar Baba

Sa'ad da muke tasowa bindiga ɗaya ce a ƙauyenmu duka, kuma kowa ya san gidan da take, ya san ƙusar da ake rataye ta. Yau idan ka taka daga masallaci zuwa bakin tur'a, wato magudanar da ke kawo wa gonakinmu ruwa, babu gidan da zan rantse ba bindiga a cikinsa, babu kuma gidan da zai ce maka akwai. A da ƙararta abu biyu take nufi: ko an ga wata, ko tsuntsu ya sauka a dawa. Yanzu in aka ji ƙara, mata kan leƙa su ga 'ya'yansu sun cika kafin su tambayi daga ina ta fito.

Bindigar ta mahaifina ce. Kartush ce, irin ta harbin tsuntsu, mai baki ɗaya, doguwa, kotarta ta yi sheƙi saboda shafa. An ba shi izinin riƙe ta ne don tsuntsun jan-baki, wanda Larabawan nan ke kira zarzur, mai zuwa kamar hadari idan dawa ta fara nuna. A irin wannan lokaci ba wanda ke zama gida. Abin da ke tashe ni da safe shi ne ƙarar ƙullun kisra, siririyar wainar dawa da muke ci kullum, idan Inna ta zuba shi a kan kasko, wani ɗan tsuu da ke zuwa tare da ƙamshin tsami da hayaƙin karan auduga. Mu naɗe kisrar a tsumma mu nufi hawasha, gonar da aka yanka wa kowane manomi. Akwai rumfar itace a tsakiyar dawa, daga ita igiyoyi sun miƙe zuwa kowace kusurwa, an ɗaura musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Yini guda kana jan igiya, kana wurga majajjawa, kana ihu har murya ta dushe, maƙwabcinka na amsawa daga tasa rumfar. Baba ba ya harbi sai sau biyu, da hantsi da kuma yamma. Idan ya harba, gonaki su yi tsit, sa'an nan ka ji fukafukai sun tashi gaba ɗaya kamar ana kaɗa tabarma. Yakan ce harsashi ba don kashe tsuntsu aka yi shi ba, don tuna masa ne cewa gonar da mai ita.

Amma abin da Baba ya fi ji da shi ba ƙarfen ba ne, takardar ce. Ruksa muke ce mata. Tana naɗe cikin gwangwanin shayi, gwangwanin kuma yana cikin gafakar Alƙur'aninsa. An rubuta sunansa da na mahaifinsa, da sunan ƙauyenmu, da lambar bindigar. Wanda ba namu ba zai yi wuya ya gane nauyin wannan. Kakanmu da ƙafa ya zo daga ƙasar Sakkwato a kan hanyar Makka, ya tsaya noman shekara ɗaya, aka binne shi a nan. An haifi Baba a nan, aka haife mu a nan, amma ko ciniki ya yi zafi a kasuwar garin Rufa'a sai wani ya ce mu koma inda muka fito. In ka je neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, a ce kawo shaidar kakanka ya zauna nan, alhali kakan ko sa hannu bai taɓa yi ba. A duk gidanmu, wannan ruksa ce kaɗai abin da hukuma ta rubuta da hannunta cewa akwai mu, kuma a wuri kaza muke. Kowace shekara bayan kaka Baba yakan sa farar jallabiya, ya hau jaki zuwa markaz, ofishin hukuma na yankinmu, a buga mata sabon hatimi.

Ni na kashe bindigar. Ban taɓa faɗa da bakina ba sai yanzu. Na fara zama saurayi a lokacin, kuma abin alfahari ne Baba ya ce ka riƙo masa ita. Wata safiya ya riga ni gaba, ina biye, na zo tsallake ƙaramar tur'a sai santsi ya kwashe ni. Na dogara da ita don kada in faɗi, bakinta ya nutse cikin baƙar lakar nan tamu mai kama kamar danƙo. Na goge wajenta tas da bakin rigata. Cikin kuwa ban duba ba, ko in ce na ji tsoron dubawa. Na miƙa masa ban ce komai ba. Rana ta busar da lakar a ciki. Da hantsi tsuntsu ya sauka, Baba ya ɗaga ya harba, sai aka ji wata ƙara da ba irin tata ba, gajeriya, kamar an fasa tulu. Da na sauko daga rumfa na same shi zaune a kunya yana riƙe da hannun hagu, yatsu biyu babu, bakin bindigar ya yage kamar ɓawon ayaba. Kafin a ɗauke shi ya sa tsinken dawa ya tono abin da ke cikin guntun ƙarfen, ya murza lakar a tafinsa, ya dube ta, ya dube ni. Bai taɓa tada maganar ba, ranar ko bayanta, har ya bar duniya.

Maƙeri ya yanke wurin da ya yage ya ce za ta iya aiki in an gajarta ta. Baba ya ce gajeriyar bindiga ta ɓarawo ce, ba ya so. Aka jingine kotar har gara ta cinye ta. Abin da ya saura na ƙarfen ban tambaya ba, don ba na son ganinsa, na ɗauka maƙerin ya narke shi ya yi fartanya. Da kaka ta zagayo muka ga Baba ya sa farar jallabiyarsa ya ɗaura wa jaki sirdi. Yayana, wanda ya girme ni da shekara huɗu, ya ce, "Baba, mi za a kai? Bindigar ai ta mutu." Baba ya ce, "Ita ta mutu. Takardar ba ta mutu ba. Hukuma ba ta san huskata ba, wagga takarda ta sani." Haka ya yi ta kai ta shekara da shekaru. Sau ɗaya wani sabon magatakarda ya tambayi ina bindigar, Baba ya ce tana wurin maƙeri. Bai ƙara tambaya ba. Kuma dabarar ta yi aiki, domin ranar da muka nemi jinsiyya, jerin hatiman nan aka duba aka ce lallai waɗannan sun daɗe.

Daga baya na shiga aikin lori, na yi yawo. Na zauna Abeche da Injamena, na je Kano, na yi shekaru a Jidda, na yi jigilar riɗi a iyakar Habasha. Na tsinci Faransanci a hanya, da Fulatanci, da ɗan Amharanci na ciniki. A ƙauyukan Chadi na ga mutum ya rataya bindiga kamar sandar kiwo, ba mai tambayarsa, kuma na ga faɗan rijiya ya ƙare da gawa. A iyakar Habasha na ga manomi yana huɗa da ita a bayansa. A Jidda ban ga bindiga a hannun kowa ba sai mai kaki, amma in ba ka da takarda ko numfashi a ɓoye kake yi. Daga duk wannan na ɗauko ra'ayi ɗaya na dawo da shi gida ina wa'azinsa: bindiga a bar wa hukuma, mu kuma kome muke da shi mu kai a rubuta. Wanda aka rubuta ba a iya cewa babu shi.

Saboda haka da Baba ya rasu, Yaya ya ce a bar ruksar ta bi shi, tun da kowa ya sami jinsiyya, ni na ƙi. Na ce takarda ba a barinta ta mutu, gwamnatin da ta ba ka jinsiyya yau wata na iya zuwa gobe ta ce a sake bincike. Yaya mutum ne mai sanyi, bai taɓa wuce Madani, babban birnin yankinmu, ba, yana ganin duk wanda ya ga teku ya fi shi sani. Na kai shi markaz da kaina, na zuba Larabcin ofis, aka goge sunan Baba aka rubuta nasa. Magatakardan ya ce ina makamin, na ce yana gida. Daga nan Yaya ya gaji tafiyar kaka, har ya tsufa.

Da yaƙin nan ya gangaro ya ci Madani, ma'aikatan markaz suka watse cikin yini ɗaya. Ba su sanar da kowa ba, ba su ɗauki ko littafi ɗaya ba. Muka zauna muna jin labarin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Wata ranar hantsi, ana shanya kuɓewa, motoci biyu suka shigo da manyan bindigogi a bayansu suka tsaya gindin darbejiyar masallaci. Babbansu bai kai ɗan autana shekaru ba. Ya sauko da wani littafi mai baƙin bango a hammata, na gane shi tun daga nesa, littafin markaz ne, don na taɓa ganin an rubuta a cikinsa. Ya buɗe, ya bi layi da yatsa, ya kira sunan Yaya da na Baba da na kakanmu, daidai, babu kuskure.

Yaya ya fito yana jan takalmi. Yaron ya ce da Larabci, "Kartush mai baki ɗaya. Kawo."

Yaya ya ce, "Babu ita, ɗana. Ta fashe tun kafin a haifi mahaifinka."

Yaron ya juya littafin ya nuna masa. "Wannan hatimin na bara ne. Fasasshiyar bindiga kake kaiwa ana sabuntawa?"

Na matso na yi gaisuwa, na fara bayani. Na yi maganar kakanmu, da jinsiyya, da tsuntsu. Ina yi ina jin yadda maganar take a kunnen wanda ba namu ba, kamar ƙaryar da ba a iya shirya ta ba. Ya bar ni na kai ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Ya Hajji, Larabcinka ya fi nawa. Amma littafi ya ce akwai bindiga." Suka kwance rawanin Yaya suka ɗaure masa hannu da shi ta baya, suka zaunar da shi a ƙasa cikin rana, taku biyu daga inuwa. Yaron ya ce za su ci abinci a nan. In aka kira la'asar bindiga ba ta fito ba, tsohon zai shiga mota. Mun san mutanen da suka shiga motar nan daga ƙauyen gabas. Ba mu san inda suke ba.

Na nufi gidan taubashina, ɗan ƙanwar Baba, wanda muka yi korar tsuntsu tare. Na san ya sayi bindiga watanni kaɗan kafin nan, don ni ne na zage shi a kan haka a gaban mutane. Na same shi a zaure yana gyaran igiya.

"Ba ni ita," na ce.

"Wace?"

"Ba lokacin wasa ba ne."

Ya ɗago. "Kai ne fa kac ce a kai a rubuta. Da na bi ta taka, da yanzu mu biyu muna zaune cikin rana." Ya sauke murya. "Alhaji, in na hiddo ta, sabuwa ce, mai jigida. Ba kartush ba ce, lambar ba ɗaya ba. Za su ce ina 'yan'uwanta. Su tone gidana, su tone na kowa, kuma za su samu. Ka san nawa za su shiga mota ran nan? Yayanka ɗan'uwana ne. Amma ka faɗa mini, in ba ka?"

Na tsaya ina kallonsa. Na fita.

Aka yi azahar ba wanda ya je masallaci sai liman, ya kira salla da muryar da ba ta kai bakin titi ba. Na wuce ta gindin darbejiya na ga Yaya ya sunkuyar da kai, ƙudaje a leɓensa, su kuma suna cin akuyar wani. Na shiga gidansa don ba ni da wurin zuwa. Matarsa na madafa. Ita ce suka aiko wa ta yi musu kisra, tana yi, fuskarta kamar dutse. Tun tana amarya muke tsokanar juna, ta saba ce mini ɗan yawon duniya. Ranar ba ta ɗago ba.

"Kun gama taron, ku maza?" ta ce. "Mi anka ce?"

"Suna son bindigar Baba."

"Na ji ana bindiga, bindiga. Wace bindigar Baba? Wadda ta cire mai yatsu?"

"Ita. Wadda maƙeri ya narke."

Ta ajiye ɗan ganyen da take baza ƙullu da shi. Ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya zubar da nono. "Wa ya ce maka an narke ta? Kai da ka san Jidda ba ka san madafar gidanku ba." Ta sa tsumma ta ɗage kaskon. A ƙarƙashinsa, gicciye kan duwatsun murhu, akwai wani baƙin ƙarfe mai rami, tsawon kamu ɗaya da rabi. "Inna ta bar mini shi ranar da ta ba ni murhun ga. Ta ce dutse ɗaya gajere ne, shi ka daidaita kasko."

Duk kisrar da na ci a gidan nan tun ina saurayi, a kansa aka gasa ta.

Na ce ta ba ni in kai. Ta ce a'a, bakina ya yi yawa yau. Ta jawo shi da itace, ta zuba masa ruwa ya yi tsuwa, ta naɗe shi a buhu, ta gyara lulluɓinta ta fita, ina biye da ita kamar yadda na bi Baba da shi a da. Inuwar darbejiya ta riga ta karkata. Ta ajiye buhun gaban yaron ta ce da Larabcinta na kasuwa, "Ga bindigarku."

Suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya juya ƙarfen da ƙafa, ya tsuguna, ya zaro wuƙa ya fara kankare baƙin da ya daskare a gindinsa. Ba na jin kome sai wannan kankara. Na san lambar da ka, amma ban san ko wuta ta bar ta ba bayan waɗannan shekaru. Ya kankare wuri ɗaya babu kome. Ya juya. Liman ya fito ƙofar masallaci ya tsaya, ya dubi rana, ya dube mu, bai kira la'asar ba. Matar Yaya ta tsuguna ba tare da an ce mata ba, ta ɗebi toka da ta maƙale a buhun, ta tofa yawu, ta murza da babban yatsa kamar tana wanke tukunya. Sai alƙaluma suka fara fitowa. Yaron ya ɗora littafin a gwiwa yana karantawa, ɗaya a ƙarfe, ɗaya a takarda. Na huɗun wuta ta cinye rabinsa. Ya daɗe a kansa. Na biyar da na shida suka fito sarai.

Ya miƙe ya dubi Yaya. "Shekara nawa kana kai wannan ana buga masa hatimi?"

Yaya ya ce, da busasshiyar murya, "Ba shi nike kaiwa ba. Kaina nike kaiwa, a ga ina nan."

Ban sani ba ko ya gane. Ya yi alama aka kwance rawanin. Ya jefa ƙarfen bayan mota, ya ce an rubuta, an karɓa. Matar Yaya ta ce, "To kaskona fa, a kan mi zan ɗora shi?" Wani daga cikinsu ya ɗaga mata gindin bindiga, babban ya hana shi da ido. Ya ciro alƙalami ya ja layi a kan sunan Yaya. Ina tsaye kusa, idona ya faɗa kan shafin. Sunan da ke ƙasa na wani dattijo ne a ƙauyen da ke gaba da mu, mai kiwon tumaki, wanda ni da bakina na taɓa ba shi shawarar ya kai tasa a rubuta. Suka tada motoci suka bi hanyar ƙauyen. Sai a lokacin liman ya kira la'asar.

Yaya bai zarge ni ba. Da aka ba shi ruwa ya sha, ya ce, "Ka ga takardarka ba ta ɓata hanya ba, har ƙofa ta kawo su." Yana murmushi ya faɗa. Kashegari ya ciro gwangwanin shayin daga gafakar Baba ya miƙa wa matarsa, ta hura wutar safe da abin da ke ciki. Bayan kwanaki muka bar ƙauyen kamar kowa, muka yi watanni a gabas, muka dawo muka tarar da ƙofofi a ɓalle. Dattijon mai tumaki bai dawo ba, kuma ba wanda ya ga kabarinsa.

Yanzu an sake buɗe markaz. An aiko da sanarwa cewa duk mai makami ya kai a rubuta ko ya miƙa shi. Da yake ni ne mai karanta wa mutane irin waɗannan takardu, bayan sallar Juma'a samari suka kewaye ni, rabinsu Larabci ya fi musu sauƙi da Hausa, suka ce, "Baba Alhaji, mu kai?" Na san abin da ke ƙarƙashin gadajensu. Na san kuma kwanan baya biyu daga cikinsu sun yi musu a kan wa zai fara buɗe ruwa a tur'a, ɗaya ya koma gida da gudu, sai da tsofaffi suka tare shi a ƙofa. A zamaninmu wannan musun da marin fuska yake ƙarewa, a sha shayi tare da yamma. Har yau ina ganin bindiga a kowane gida masifa ce, na ga ƙasashen da ta cinye. Amma wanda zai ce a kai suna a rubuta, sai ya iya rantsewa cewa littafin zai kwana a hannun wanda ya rubuta shi, ni kuwa na ga littafin a hammatar wani. Na naɗe sanarwar na ce musu ban sani ba. Taubashina na gefe, ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin na faɗi haka ba.

Ba wanda ya kai. Matar Yaya ta sami guntun ƙarfen mota ta daidaita kaskonta, ta ce bai zauna kamar wancan ba. A da muna da takarda babu bindiga, muna kai kanmu wurin hukuma kowace kaka don ta san muna nan. Yanzu muna da bindigogi babu takarda, kuma tun daga ranar nan ba wanda ya sake ɗaukar sunansa da ƙafarsa ya kai a rubuta.